Alfred Hitchcock

Sir Alfred Joseph Hitchcock (13 ga Agusta, 1899 zuwa 29 ga Afrilu, 1980) daraktan fina-finai ne kuma furodusa ɗan ƙasar Ingila, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka. Ya shafe sama da shekara hamsin yana ba da umarni, ya fitar da manyan fina-finai fiye da hamsin, tun daga zamanin fim marar sauti har zuwa na mai kala. An fi saninsa da fina-finan laifi da na zullumi, irin waɗanda mai kallo ke zama cikin fargaba har a gama. Ɗaya daga cikin alamomin aikinsa ita ce yadda yake mayar da kayan gida na yau da kullum makami: wuƙar yanka burodi, almakashi, igiya, shebur, tandar gashi, har da cinyar rago. An zaɓe shi sau biyar cikin masu neman kyautar Oscar ta gwarzon darakta, amma bai taɓa lashe ta ba.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Hitchcock a Leytonstone, wanda yanzu yake cikin gabashin birnin Landan. Shi ne auta cikin 'ya'ya uku na William Hitchcock, mai shagon sayar da kayan lambu da kaji, da matarsa Emma Jane. Iyalin mabiya ɗariƙar Katolika ne, kuma ya yi karatu a makarantar St Ignatius da ke Stamford Hill, wadda limaman Jesuit ke gudanarwa, inda horo yake da tsanani.

Akwai wani labari da ya riƙa maimaitawa har tsufansa. Ya ce yana ɗan kimanin shekara biyar mahaifinsa ya aike shi ofishin 'yan sanda da wata takarda, ɗan sandan ya karanta, ya kulle shi a ɗakin tsare masu laifi na 'yan mintuna domin ya zama masa darasi. Da wannan yake bayyana tsoron 'yan sanda da ya zauna masa, da kuma yawan labarin mutumin da aka ɗora wa laifin da bai aikata ba a fina-finansa.

Mahaifinsa ya mutu a watan Disamba na 1914, lokacin yana da shekara goma sha biyar. Ya yi karatun injiniya a wata makaranta da ke Poplar, sannan ya kama aiki a kamfanin Henley mai ƙera wayoyin lantarki. A can aka mayar da shi sashen talla, inda ya goge wajen zane.

Shiga harkar fim

A farkon shekarun 1920 ya samu aiki a ɗakin shirya fina-finai na kamfanin Famous Players-Lasky da ke Islington, yana zana allunan rubutun da ake sakawa tsakanin hotuna a fim marar sauti. Cikin 'yan shekaru ya taɓa kusan kowane aiki: rubuta labari, tsara wurin ɗauka da taimaka wa darakta. A 1924 aiki ya kai shi Jamus, inda ya ga F. W. Murnau yana ɗaukar fim. Daga Jamusawa ya koyi wasa da haske da inuwa, da kuma ba da labari da hoto maimakon magana.

Fim ɗinsa na farko a matsayin darakta shi ne The Pleasure Garden (1925). Wanda ya fito da sunansa kuwa shi ne The Lodger (1927), labarin wani baƙo ɗan haya da ake zargin shi ne ke kashe mata a Landan. Ranar 2 ga Disamba, 1926 ya auri Alma Reville, wadda ta riga shi shiga harkar kuma ƙwararriya ce wajen tace hoto. Kwana ɗaya tak ya girme ta. Ta kasance abokiyar shawararsa a kan labari da tacewa har ƙarshen aikinsa. Sun haifi 'ya ɗaya, Patricia, a 1928.

Blackmail (1929) yana cikin fina-finan Birtaniya na farko masu sauti. Bayansa ya yi The Man Who Knew Too Much (1934), The 39 Steps (1935), Sabotage (1936) da The Lady Vanishes (1938), waɗanda suka sa ya zama daraktan da ya fi kowa suna a ƙasarsa.

Komawa Amurka

Ya ƙulla yarjejeniya da furodusa David O. Selznick, a 1939 kuma ya koma Hollywood da iyalinsa. Fim ɗinsa na farko a can, Rebecca (1940), ya lashe Oscar ta gwarzon fim na shekara, sai dai kyautar ta furodusa ce. Ya biyo baya da Suspicion (1941), Shadow of a Doubt (1943) da Notorious (1946). Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1960 ya fitar da ayyukan da aka fi tunawa da shi: Strangers on a Train (1951), Rear Window (1954), Vertigo (1958), North by Northwest (1959), Psycho (1960) da The Birds (1963). Ya karɓi shaidar zama ɗan Amurka a 1955, shekarar da ya fara gabatar da shirin talabijin na Alfred Hitchcock Presents, wanda ya sa fuskarsa da muryarsa suka shiga gidajen jama'a. Ya kuma saba leƙowa na 'yan daƙiƙu a yawancin fina-finansa, ko yana hawa mota ko yana wucewa a titi.

Kayan gida a matsayin makami

Mutanen da ke cikin labaran Hitchcock ba sojoji ba ne. Galibinsu matan aure ne, 'yan haya, ma'aikatan ofis da malaman jami'a. Idan irin wannan mutum ya shiga haɗari, abin da hannunsa ya kai gare shi ne makaminsa. Mai kallo kuma yana da irin wannan kaya a gidansa, don haka tsoron ba ya ƙarewa a sinima. Hanyar da ya saba bi ita ce ya fara nuna abin yana aikinsa na kullum, ido ya saba da shi, sannan ya juya shi.

Abin ya fara bayyana sosai a Blackmail. Wata budurwa mai suna Alice ta bi wani mai zane zuwa ɗakinsa, ya nemi yi mata fyaɗe, ta laluɓo wuƙar yanka burodi ta kashe shi. Washegari a wurin karin kumallo wata maƙwabciya ta shigo tana ta surutu a kan kisan. Hitchcock ya dusashe maganarta har ba abin da ke fita sai kalmar wuƙa, daidai lokacin da mahaifin Alice ya ce ta yanka burodi, wuƙar ta kuɓuce daga hannunta. A Sabotage ma kisan a wurin cin abinci ya auku: matar da ta gane mijinta ne sanadin mutuwar ƙaninta tana cikin zuba masa abinci, wuƙar yankan nama ta ƙare a cikinsa. Shi ƙanin nata ya mutu ne a cikin bas, yana ɗauke da wani ƙunshi da bai san bom ne a ciki ba. Daga baya Hitchcock ya nuna nadamar barin bom ɗin ya tashi, yana ganin ya ɓata wa masu kallo rai.

A wasu fina-finan abin sha ne abin tsoro. A Suspicion miji yana hawa bene da tambulan na madara zuwa wurin matarsa, wadda ke zargin yana son kashe ta. An ɓoye ƙaramar fitila a cikin madarar domin ta yi haske a cikin duhu, idon mai kallo ya kasa barinta. A Notorious kuwa guba ake sa wa jarumar kaɗan-kaɗan a cikin gahawa. A Rope (1948), fim ɗinsa na farko mai kala, samari biyu sun shaƙe abokinsu da igiya, suka sa gawar a cikin akwatin katako, suka jera abincin baƙi a kansa. Ɗaya daga cikinsu har ya ɗaure littattafai da wannan igiya ya miƙa wa mahaifin mamacin.

Misalin da ya fi shahara shi ne almakashin da ke cikin Dial M for Murder (1954). Wani tsohon ɗan wasan tanis ya shirya a kashe matarsa, wadda Grace Kelly ta fito a matsayinta. Ya lallaɓe ta ta zauna a gida tana yanka guntayen jarida tana liƙawa a littafi, shi ya sa almakashin yake kan tebur. Da dare ya buga waya, ta taso ta ɗauka, mutumin da ya turo ya fito daga bayan labule ya shaƙe ta da ƙyallen wuya. Ta miƙa hannu baya ta kama almakashin ta soka masa a gadon baya. Wato dabarar da mijin ya yi don ya tsayar da ita a gida ita ce ta ajiye mata makami. An ɗauki fim ɗin da fasahar 3D, wadda ke sa hannun nata ya zama kamar ya fito wajen mai kallo. A Rear Window na wannan shekara, James Stewart ya fito a matsayin mai ɗaukar hoto da ƙafarsa ta karye. Da mai kisan ya shigo ɗakinsa cikin duhu, ba shi da komai sai ƙwayayen fitilar kyamara, ya riƙa haska su ɗaya bayan ɗaya yana kashe masa ido. Ba su hana a wurgo shi ta taga ba, amma sun ja lokaci har 'yan sanda suka iso.

A talabijin, a 1958, ya ba da umarnin Lamb to the Slaughter, daga gajeren labarin Roald Dahl. Wani ɗan sanda ya shaida wa matarsa mai ciki cewa zai rabu da ita, ta maka masa daskararriyar cinyar rago a kai, ta sa naman a wuta. Abokan aikinsa da suka zo bincike suka yi ta neman makamin, daga ƙarshe suka zauna suka cinye shi.

A Psycho wuƙar girki ce makamin, wurin kisan kuma banɗaki, inda mutum ba shi da abin kare kansa. An shafe kimanin mako guda ana ɗaukar wannan fitowa ta Janet Leigh, kuma da yake fim ɗin baƙi da fari ne, ruwan cakulan aka zuba a matsayin jini. A Torn Curtain (1966) ya nufi nuna yadda kashe mutum yake da wuya da ɗaukar lokaci, saɓanin yadda fina-finan leƙen asiri na lokacin ke nunawa. Wani malamin kimiyya Ba'amurke da matar wani manomi a Jamus ta Gabas suna son kawar da jami'in tsaron da ya gano su, ba su kuma iya harba bindiga saboda direban tasi yana jira a waje. Wuƙa ta karye a jikinsa, suka buge shi da shebur a ƙafa, sannan suka ja shi suka cusa kansa cikin tandar gashi mai amfani da gas. Babu kiɗa ko kaɗan a wurin. A Frenzy (1972) mai kisan yana shaƙe mata da naktai, ƙyallen da maza ke ɗaurawa a wuya idan sun sa kwat. Ɗan kasuwar kayan marmari ne a Covent Garden, irin duniyar da mahaifin Hitchcock ya yi sana'a a cikinta, kuma a cikin buhun dankali ya ɓoye ɗaya daga cikin gawawwakin.

Duk wannan ya dace da bambancin da yake yi tsakanin firgita da zullumi. A bayaninsa, idan bom ya tashi ba zato, mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙu. Idan kuwa an nuna masa bom ɗin a ƙarƙashin tebur tun da farko, to kowace hira da ake yi a kan teburin ta zama abin fargaba.

Suka da ƙorafi

Masu sharhi da dama sun soki yawan nuna cin zarafin mata a fina-finansa, musamman a Psycho da Frenzy. Jaruma Tippi Hedren, wadda ta fito a The Birds da Marnie (1964), ta zarge shi da takura mata da neman ta da lalata, da kuma daƙile sana'arta bayan ta ƙi. Ta yi wannan bayani dalla-dalla a littafin tarihin rayuwarta na 2016. Haka kuma ya raba gari da mai tsara kiɗa Bernard Herrmann a lokacin aikin Torn Curtain, bayan sun shafe kusan shekara goma tare, ba su kuma sake aiki tare ba.

Ƙarshen rayuwa

Da farko yawancin masu sharhi a Amurka sun ɗauke shi mai nishaɗantarwa kawai. Matasan masu sharhi na Faransa ne suka dage cewa babban mai fasaha ne, kuma a 1962 François Truffaut ya yi doguwar hira da shi, wadda ta fito a littafi a 1966. A 1968 aka ba shi kyautar girmamawa ta Irving G. Thalberg. Fim ɗinsa na ƙarshe shi ne Family Plot (1976). A 1979 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta karrama shi saboda aikin rayuwarsa, a ƙarshen shekarar kuma Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba shi lambar da ta sa ake kiransa Sir.

Ya mutu a gidansa da ke Bel Air, Los Angeles, ranar 29 ga Afrilu, 1980, sakamakon ciwon ƙoda, yana da shekara tamanin. Alma ta mutu a 1982. A 2012 fim ɗinsa Vertigo ya zo na ɗaya a ƙuri'ar da mujallar Sight and Sound ke yi wa masu sharhi duk shekara goma kan fina-finan da suka fi fice a tarihi.