Ummu Sulaim: Gidan da aka yi rashin tsuntsu, aka kuma yi rashin ɗa

Ummu Sulaim 'yar Milhan (RA) ba'ansariya ce daga Banu Najjar, reshen ƙabilar Khazraj ta Madina, kuma ana yi mata laƙabi da Rumaisa'u. Ta karɓi Musulunci tun da wuri, abin da ya fusata mijinta na farko, Malik ɗan Nadr, har ya bar garin ya nufi Sham, ya mutu a can ya bar ta da ɗansu Anas. Da Abu Ɗalha ya nemi aurenta yana mushiriki, sai ta gindaya masa cewa musuluntarsa ita ce sadakinta. Ya musulunta, aka ɗaura aure a kan haka.

Bayan hijira ta kai Anas, yana ɗan shekara 10, ya zama hadimin Manzon Allah (SAW), ya kuma yi masa hidima shekara 10. A ranar Uhudu tana cikin matan da suka riƙa ɗaukar salkunan ruwa suna shayar da mayaƙa, a Hunaini kuwa, shekara ta 8 bayan hijira, ta fita da wuƙa a ɗamararta. An kashe ɗan'uwanta Haram a Bi'iru Ma'una a shekara ta 4, kuma saboda tausayinta Annabi (SAW) ya kasance yana yawan ziyartar gidanta.

A ɗaya daga cikin ziyarorin nan ne wani abu ya faru wanda malamai suka daɗe suna nazarinsa. Ummu Sulaim tana da ƙaramin yaro da ba a daɗe da yaye shi ba, ana masa alkunya da Abu Umair. Yana da ɗan tsuntsu mai jan baki, wanda Larabawa ke kira nugair, yana wasa da shi. Rannan Annabi (SAW) ya shigo ya tarar da yaron ya yi jugum. Ya tambayi abin da ya same shi, aka ce tsuntsunsa ne ya mutu. Bai raina damuwar ba, bai kuma tsawatar masa ba. Ya kira shi da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da rarrashi. Asalin hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, batun mutuwar tsuntsun kuma ya zo a ruwayar Abu Dawuda da Ahmad. Malamin Shafi'iyya Ibnul Ƙass, wanda ya rasu a shekara ta 335, ya fitar da fa'idoji 60 daga wannan hadisi kaɗai. Daga ciki akwai halaccin yaro ya riƙi tsuntsu, da halaccin raha wadda ba ƙarya a cikinta, da sauko da magana daidai da hankalin yaro. Malamai sun sharɗanta a ciyar da dabbar, kada a azabtar da ita, domin an ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta.

Sai jarrabawa mafi girma ta zo. Ɗan Abu Ɗalha ya yi rashin lafiya ya rasu alhali uban ba ya gida, kuma Ibn Hajar ya ce Abu Umair ɗin ne. Ummu Sulaim ta hana kowa sanar da mijinta. Da ya dawo ta ba shi abinci, ta yi masa kwalliya, suka kwana. Daga baya ta tambaye shi ko wanda aka bai wa aro yana da ikon hanawa idan mai kaya ya nemi kayansa. Da ya ce ba shi da shi, sai ta shaida masa cewa Allah Ya karɓi aronSa. Ya kai ƙara wajen Annabi (SAW), shi kuwa ya yi musu addu'ar albarka a darensu. Ta haifi Abdullahi, wanda Bukhari ya ruwaito cewa an ga 'ya'yansa 9 duk sun karanta Alƙur'ani.

A garuruwanmu na Karaye da Rogo da ƙauyukansu, da wuya ka shiga gida ba ka ga yaro mai tattabaru ko zomo ko 'yar akuyar da ya shaƙu da ita ba. Idan ta mutu ya yi kuka, sau da yawa dariya ko tsawa yake samu daga manya. Alhali a nan ne yaro ke fara sanin mutuwa, kuma abin da ya gani gare mu ranar shi zai riƙe. A zauna da shi, a saurare shi, a gaya masa gaskiya kada a ce dabbar ta ɓata, a koya masa cewa komai na Allah ne kuma gare Shi zai koma. A binne mushen nesa da rijiya da hanya. Wanda aka rarrasa a kan ƙaramin rashi ya fi samun ƙarfin ɗaukar babba.

Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa ya ji takun Rumaisa'u a Aljanna. Ta rasu a zamanin halifancin Usman (RA), kamar yadda Ibn Hajar ya ambata. Allah Ya yarda da ita, Ya ba mu irin haƙurinta, Ya sanya tausayi a gidajenmu.