Ibnul Haisam da Adadin da Ya Gagari Rabo

A wannan fitowa muna kawo taƙaitaccen tarihin Abu Aliyu Alhasan Ibnul Haisam, malamin da bai yarda ya yi da'awar abin da bai tabbatar ba, ko da a gaban sarki ne.

An haife shi a Basra, ƙasar Iraƙi, wajen shekara ta 354 bayan Hijira, daidai da 965 Miladiyya. Masu tarihi sun ruwaito cewa labari ya kai ga Alhakim, sarkin Fatimawa na Masar, wai wannan malami yana da dabarar sarrafa ambaliyar kogin Nilu. Sarki ya aika masa ya zo. Da ya isa kusa da Aswan ya ga girman ruwan, sai ya gane aikin ya fi ƙarfin zamaninsa, ya komo ya faɗi gaskiya, alhali Alhakim sarki ne mai saurin zubar da jini. Domin ya tsira da ransa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har sarkin ya ɓace a 1021. Daga nan ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan hisabi da hannunsa, da ladan yake cin abinci.

Ya fi shahara da Kitabul Manazir, littafinsa a kan gani da haske, amma hisabinsa ne abin duba a yau. Akwai adadin da ba ya rabuwa daidai sai gida ɗaya ko gida yawan kansa, kamar 2, 3, 5, 7 da 11. Goro 7 ba ya rabuwa tsakanin mutum 2 ko 3 sai an bar saura. Irin wannan muke kira gagara-rabo.

Ibnul Haisam ya yi aiki da wata alama tasa. Mu ɗauki 7: 1 sau 2 sau 3 sau 4 sau 5 sau 6 ya ba da 720. A ƙara 1, ya zama 721, wanda ya rabu gida 7 daidai, kowane gida 103. Mu gwada 6: 1 sau 2 har zuwa 5 ya ba da 120, a ƙara 1, sai 121, ba ya rabuwa gida 6. Gagara-rabo kaɗai ke cin wannan gwaji, komi girmansa. Turawa suna kiran ƙa'idar da sunan Wilson, alhali sai 1770 aka buga ta a Ingila.

Ya kuma binciki cikakken adadi, wato wanda jimillar masu raba shi take daidai da shi, kamar 28, wanda shi ne 1 da 2 da 4 da 7 da 14. To, 28 ɗin 4 ne sau 7, shi kuwa 7 gagara-rabo ne da ake samu daga 2 sau 2 sau 2 a cire 1. Malamin ya yi ƙoƙarin nuna cewa duk cikakken adadi mai rabuwa biyu ta wannan hanya yake fitowa. Euler ne ya kammala hujjar a ƙarni na 18. A 2024 na'urori suka gano gagara-rabo na wannan dangi: a jera 2 har 136,279,841, a ninka su da juna, a cire 1. Rubuta shi yana cin alƙalumma 41,024,320, kuma ba a karɓe shi ba sai da aka sake gwada shi.

Ibnul Haisam ya rasu a Alƙahira wajen 430 bayan Hijira, 1040 Miladiyya. Allah ya jiƙansa, ya ba ɗalibanmu irin gaskiyarsa da haƙurinsa, amin.