Gustave Le Gray (1820–1884): Mai Zanen da Ya Koma Ɗaukar Hoto

An haifi Gustave Le Gray a shekarar 1820 a garin Villiers-le-Bel, kusa da birnin Paris na ƙasar Faransa. Da farko zane ya koya a hannun fitaccen mai zanen nan Paul Delaroche. Daga baya ne ya karkata ga ɗaukar hoto, sana'ar da a lokacin ko tatata ba ta fara ba. Sai dai ya shige ta ne da idon mai zane, domin a ganinsa hoto abu ne da ake tsarawa.

Daga cikin ayyukansa na farko akwai hotunan itatuwa da duwatsu a dajin Fontainebleau. Ya kuma ƙago dabarar shafa wa takarda kakin zuma kafin a jiƙa ta da sinadari, wadda ta ba mai hoto damar shirya takardunsa kwanaki kafin ya fita. A shekarar 1851 yana cikin mutum biyar da gwamnati ta tura su ɗauko hotunan tsofaffin gine-ginen ƙasar.

Hotunan teku na 1856 da 1857 su ne suka fito da sunansa. Matsalar zamanin ita ce sararin sama ya fi ruwa haske. Idan aka ba kyamara lokacin da ruwa zai fito sosai, sai sama ta fito fari fat, babu ko ɗigon gajimare. Saboda haka, a wasu hotunan, sai ya ɗauki ruwa a kan gilashi ɗaya, gajimare a kan wani, sannan ya haɗa su a takarda guda, daidai inda sama ta sadu da ruwa. Har yakan aza gajimare ɗaya a kan teku daban-daban.

Duk da wannan ɗaukaka, bashi ya yi masa katutu. A shekarar 1860 ya bar Faransa da iyalinsa da masu binsa bashi, ya bi marubuci Alexandre Dumas zuwa tsibirin Sisili. Daga bisani ya zauna a Masar, inda ya koma koyar da zanen da ya faro da shi, yana kuma ɗaukar hoto jefi-jefi. A Alƙahira ya rasu a shekarar 1884, an kusa mantawa da shi. A shekarar 1999 aka sayar da ɗaya daga hotunansa na teku a Landan a kan kuɗi fiye da fam dubu 500.