Muhammadu Korau, Sarkin Katsina

Muhammadu Korau mutumin 'Yandoto ne. Ya zo Katsina a ƙarni na 15, zamanin Sarki Sanau na zuriyar Durɓawa. Mutanen da sun ce a lokacin nan sarki yakan fito kokawa a gindin wata tsamiya da ake kira Bawada. Wanda ya ka da shi, sarauta ta zama tasa. Sanau kuwa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba, saboda wata laya da yake ɗaurawa.

Korau ya yi abuta da sarki, har ya sami asirin layar nan daga bakin matarsa. Ran kokawa ya raba shi da ita, ya ɗaga shi ya buga da ƙasa, ya danne, ya yanka shi. Da haka mulkin Durɓawa ya ƙare.

Shi ne sarki Musulmi na fari a Katsina. Har yau ana kiran fadar Gidan Korau, can hakiman Kankiya da Kusada suke zuwa gaisuwar Salla. Takobinsa Gajere kuma yana nan cikin kayan sarauta.