Priscilla White, Likitar Da Ta Tsaya Wa Masu Juna Biyu Da Ciwon Suga

Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, yarinyar da ciwon suga ya kama tun ƙuruciya da wuya ta kai shekarun aure, balle ta ga ɗan cikinta. Allurar ta zo ta ceci iyaye mata, amma jariran suka ci gaba da mutuwa. A wannan gaɓa ce Priscilla White ta shigo fage.

An haife ta a Boston ta Amurka ranar 17 ga Maris, 1900. Ta karanci likitanci a Jami'ar Tufts, a zamanin da Harvard ba ta ɗaukar mata a wannan fanni, ta kammala a 1923. Shekara guda bayan haka, Dakta Elliott Joslin ya ɗauke ta aiki, ya damƙa mata yara masu ciwon. 'Yan matan da ta raina da allura su ne suka girma, suka yi aure, suka dawo mata da ciki.

Abin da ta tarar ba daɗi: cikin jarirai 100, kimanin 54 ne ke rayuwa. Sukarin jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, shi kuma ya yi ƙiba fiye da kima, haihuwa ta yi wuya. Sau da yawa ma sai ya mutu a ciki ana dab da sauka. White ta dage kan daidaita sukarin uwa tun daga farkon ciki, da awo a kai a kai, da fito da jariri kafin wa'adi ya cika, ko da yake bakwaini ma yana da nasa haɗarin.

A 1949 ta fito da tsarin da har yau ke ɗauke da sunanta. Ta karkasa matan aji-aji bisa shekarun da ciwon ya same su, da daɗewarsa, da ɓarnar da ya yi wa jijiyoyin jini da ƙoda, domin likita ya san wadda cikinta ya fi shiga haɗari tun da wuri.

Ba ko'ina ta dace ba. Ta yi shekaru tana ba masu ciki maganin stilbestrol bisa zaton yana kare ɗan tayi. Gwajin da aka yi a Birtaniya bai nuna amfaninsa ba, kuma a 1971 aka danganta shi da wata sankara a jikin 'ya'ya matan da aka haifa. Wannan tabo ne da bai kamata a ɓoye ba.

Duk da haka, lokacin da ta ajiye aiki bayan shekara 50, jarirai tara cikin goma na rayuwa a hannunta, ta kuma kula da haihuwar mata fiye da 2,200. Ita ce mace ta farko da ta karɓi lambar yabo ta Banting, a 1960. Ba ta taɓa aure ba. Ta rasu ranar 16 ga Disamba, 1989, a garin Ashland na jihar Massachusetts.