Taƙaitaccen Tarihin Hendrik van Loon, Mai Rubuta wa Yara Tarihi

An haifi Hendrik Willem van Loon a birnin Rotadam na ƙasar Holan ran 14 ga Janairu, 1882. Yana ɗan shekara ashirin ya ƙetare teku zuwa Amurka neman ilmi, ya gama a Jami'ar Cornell cikin 1905. A wannan shekara ce aka yi yunƙurin juyin mulki a Rasha, shi kuwa ya tafi can a matsayin wakilin kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Bayan haka ya koma karatu a birnin Munik na Jamus, inda ya sami digirin dakta cikin 1911. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, yana cikin 'yan jaridar da suka aiko da labarin shigar sojan Jamus ƙasar Beljiyam.

Niyyarsa tun farko ita ce ya zama malamin tarihi a jami'a, ya kuwa koyar a Cornell na ɗan lokaci. Ɗalibai suna cika ajinsa, domin mutum ne mai bakin ba da labari, ga raha, ga shi da zana hoton abin da yake faɗa nan take. Amma abokan aikinsa suna ganin bai damu da bin diddigi ba, saboda haka zamansa a can bai ɗore ba. Sai ya juya ga yara. A 1917 ya fitar da wani ɗan littafi a kan matuƙan jiragen ruwa na dā da yadda Turawa suka isa Amurka, wanda ya zana hotunansa da tsinken ashana yana tsoma shi cikin tawada.

Littafin da ya fito da sunansa shi ne The Story of Mankind, watau Labarin Ɗan Adam, wanda aka buga a 1921. Ya ɗauko zancen tun daga farkon rayuwa a bayan ƙasa, ya bi ta Masar da Girka da Rum da bayyanar Musulunci, har ya dire a yaƙin da aka gama cikin 1918. A gabatarwar littafin 'ya'yansa biyu maza yake wa magana, yana ba su labarin ranar da wani kawunsa ya hau da shi hasumiyar wata tsohuwar majami'a a Rotadam, ya hango garin da kewayensa gaba ɗaya, ya ce haka yake so tarihi ya zama gare su. Babobin gajeru ne, maganar kamar ta hira bayan cin tuwon dare, taswirori da hotuna kuma duk da hannunsa ya zana su. Bai cika wa yaro kai da jerin sunayen sarakuna da shekarunsu ba. Abin da ya fi kula da shi shi ne dalilin da ya sa abu ya faru. Cikin 1922 aka fara ba da lambar yabo ta Newbery ga littafin yara da ya yi fice a Amurka, wannan littafi ne kuwa ya fara samunta.

Akwai wani babi kusa da ƙarshe da ya kamata mai nazari ya tsaya a kansa. Babin na mamayar da Turawa suka yi wa ƙasashen duniya ne, amma van Loon ya kashe mafi yawansa wajen bayyana wa masu karatu yadda ya zaɓi abin da ya shiga littafin. Ƙa'idarsa guda ce: ƙasa ko mutum ba ya samun wuri sai in ya zo da wani sabon tunani ko aiki wanda ba don shi ba da tarihin duniya ya canza hanya. Ya kuma yarda cewa gidan da ya tashi da irin tarbiyyar da ya samu sun shafi hukuncinsa. Wannan gaskiya ce da ba kowane marubuci ke faɗa wa yara ba, ya cancanci yabo a kanta. Sai dai mudun da ya auna da shi na kasuwar Turai ne. In aka ɗebe Masar ta Fir'auna da Kartaj, Afirka ba ta da wani rabo a littafin sai inda jiragen Turawa suka taɓa gaɓarta. Mali da Songai da Barno ba su sami babi ko ɗaya ba. Ba kuwa za a ce babu abin dogara ba, gama littafin tafiye-tafiyen Barth ya fito tun 1857, Palmer kuma ya fassara Tarihin Kano zuwa Ingilishi a 1908. Yaron da ya hau hasumiyar van Loon, gefe ɗaya na gari ya hango.

Daga nan bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta labarin Baibul don yara a 1923, da littafin labarin ƙasa a 1932, da na fasahohi a 1937, suka yi kasuwa ƙwarai, aka juya su cikin harsuna da dama. Malaman tarihi ba su daina tsintar masa kurakurai ba, jama'a kuma ba su daina sayen littattafansa ba.

Shekarunsa na ƙarshe ya ƙare su yana yaƙar aƙidar Nazi. A 1938 ya rubuta littafi yana mayar wa Hitila martani, da Jamus ta mamaye Holan a 1940 kuwa, sai ya riƙa yi wa mutanen ƙasarsa magana ta rediyo daga Amurka cikin harshensu, yana kuma taimaka wa 'yan gudun hijira. Sarauniya Wilhelmina ta girmama shi da lambar yabo a 1942. Ya mutu ran 11 ga Maris, 1944, a garin Old Greenwich na Jihar Connecticut, yana da shekara 62, Holan na hannun Jamus har a lokacin. Bayansa ɗansa ya ƙara wa Labarin Ɗan Adam sababbin babobi, wasu masana kuma suka ci gaba da ƙari a bugu na baya.