Umaru Ganda (1935–1981): Sojan da Ya Koma Mai Shirya Fim

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, lokacin da Nijar take ƙarƙashin mulkin mallakar Faransa. Bazabarme ne, kuma a Yamai ya yi karatun firamare. Iyakar karatunsa na boko ke nan, domin yana ɗan shekara 16 ya shiga aikin soja. A 1951 aka ɗauke shi cikin rundunar da Faransa ta tanada domin yaƙin Indocin, yankin da a yau ya ƙunshi Biyetnam da Lawos da Kambodiya. Ya yi kimanin shekara biyu a can, cikin dubban ƴan Afirka da aka kwasa su kare wa Faransa mulkin wata ƙasa, alhali tasu ƙasar ma tana hannunta. Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a watan Mayu na 1954, yaƙin ya ƙare, aka sallami Ganda a 1955.

Da ya dawo gida bai sami aikin yi ba. Sai ya bi hanyar da samarin Nijar da yawa suke bi a wancan zamani, wato tafiya cin rani zuwa garuruwan bakin teku. Ya sauka a Abijan, a unguwar Treichville inda baƙi ƴan ci-rani suke taruwa, ya kama aikin dako a tashar jiragen ruwa. Aiki ne na yini, wanda ake ɗaukar mutum yau a ƙi shi gobe. A nan ne ya gamu da Jean Rouch, Bafaranshen da ya fara zuwa Nijar a matsayin injiniya a 1941, daga baya ya koma nazarin al'adu da ɗaukar fim. A lokacin Rouch yana bincike kan ƴan Nijar masu ƙaura zuwa bakin teku, sai ya ɗauki Ganda cikin masu taya shi tattara bayanai. Daga wannan aiki ne ya jawo shi gaban kyamara.

Fim ɗin da ya fitar da sunansa shi ne Moi, un noir, wato Ni, Baƙin Mutum, wanda ya fito a 1958 ya kuma ci kyautar Louis-Delluc a Faransa. Fim ɗin yana bin rayuwar wasu samari ƴan Nijar a Treichville na tsawon mako guda: neman aiki da safe, mashaya da dare, wanka a bakin teku ranar hutu. Samarin sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin finafinan da suke kallo a gidajen silima. Ganda ya ɗauki sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan Amurka, abokinsa kuma ya ɗauki na Eddie Constantine.

Yadda aka haɗa sautin wannan fim abin lura ne ga mai nazarin harshe. Kyamarar da Rouch ya yi aiki da ita ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Saboda haka bayan an gama ɗauka, sai aka zaunar da Ganda yana kallon hotunan, yana magana a kansu kai tsaye, ba tare da rubutaccen zance ba. Wani lokaci ya yi magana da bakin Robinson, wani lokaci ya yi sharhi kan abin da yake gani, wani lokaci ya faɗi abin da yake mafarkin samu. Ya yi duk wannan da Faransancin titi, irin na ƴan dako da tsofaffin sojoji, wanda ya sha bamban da na littattafan makaranta. A ƙarshen fim ɗin an nuna shi yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, yana ba shi labarin Indocin, yana kwatanta yadda ake jefa gurneti da yadda ake faɗuwa ƙasa. Matasan masu shirya fim na Faransa, musamman Jean-Luc Godard, sun yaba wannan salo ƙwarai, kuma masana tarihin fim suna lissafa Moi, un noir cikin ayyukan da suka share wa sabon yayin finafinan Faransa hanya.

Duk da wannan yabo, fim ɗin na Rouch ne. Shi ya riƙe kyamara, shi ya zaɓi abin da za a bari da abin da za a yanke, kuma sunansa aka rubuta a matsayin mai fim. Ganda ya ba da rayuwarsa da muryarsa, amma da harshen wani da kuma tsarin wani. Daga baya ya nuna cewa bai gamsu da dukan yadda aka siffanta shi ba. Wannan rashin gamsuwa yana cikin abubuwan da suka sa ya nemi ya riƙe kyamarar da kansa.

Ya koma Yamai, inda Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Ya shiga ƙungiyar masu sha'awar fim ta Cibiyar Al'adu ta Faransa da Nijar, ya koyi aikin kyamara da haɗa hoto, ya kuma yi aiki a matsayin mataimakin ma'aikacin fasaha. A wannan da'ira ce Mustafa Alasan, wanda ya riga shi farawa da fim ɗin Aouré a 1962, yake nasa aikin. A 1968 cibiyar ta shirya gasar rubuta labarin fim, Ganda ya shiga da labarin da ya zama fim ɗinsa na farko, Cabascabo.

Cabascabo gajeren fim ne na kimanin minti 45, baƙi da fari, kuma Ganda da kansa ya fito a matsayin jarumin. Labarin wani soja ne da ya dawo daga Indocin da ɗan kuɗin sallama a aljihu. Abokai da maroƙa da mata suka yi masa caa, ana kiɗa ana kirari, shi kuma yana rabo. Da kuɗin suka ƙare, kowa ya kama gabansa. Tsakanin waɗannan al'amura fim ɗin yana komawa baya ya nuna fagen yaƙi da irin wulaƙancin da sojan Afirka yake sha a hannun manyansa. A ƙarshe, bayan ya nemi aiki a birni ya sha kunya, sai ya juya zuwa karkara domin ya ci da guminsa. Labarin da ya ba yaro a bakin ruwan Abijan shi ne ya dawo da shi a nan, amma wannan karon shi ya tsara farkonsa da ƙarshensa. An nuna fim ɗin a makon masu sharhi na bikin Cannes a 1969, ya kuma sami lambar yabo a bikin finafinai na Mosko a wannan shekara.

Babban abin da ya sauya tsakanin finafinan biyu shi ne harshe. A Cabascabo mutanen Yamai suna magana da Zabarmanci, Faransanci kuwa yana fitowa a inda yake fitowa a rayuwa, wato bariki da ofis da bakin mai ba da umarni. Mai kallo yana iya gane matsayin mutum daga harshen da ya zaɓa da kuma wanda ya yi wa magana da shi. Wannan zaɓi ya zo a lokacin da ake ta muhawara kan makomar harsunan gida. A 1966 UNESCO ta tara masana a Bamako domin daidaita haruffan rubuta wasu harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Zabarma-Sanwai. A 1968 Usman Sembene na Senegal ya fitar da Mandabi da harshen Wolof. Masu karatu da harsunan gida kaɗan ne a lokacin, masu jin Faransanci ma kaɗan ne, saboda haka fim mai magana da harshen jama'a yana isa inda littafi bai isa ba. Sai dai akwai tsada a ciki: kuɗin shirya fim da wuraren wanke shi da haɗa shi yawanci a Faransa suke, kuma fim na harshen gida sai an yi masa fassara a ƙasan hoto kafin ya shiga bukukuwan waje.

Fim ɗinsa na biyu, Le Wazzou polygame, shi ya kai shi ƙololuwa. Kalmar wazzou da ke cikin sunan ita ce wa'azi ta Hausa, duka biyun aro ne daga Larabci, kuma sunan da kansa ba'a ce ga mai yi wa mutane wa'azi ya manta da kansa. Wani attajiri ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, yana da mata biyu, sai ya ɗora ido kan wata budurwa mai suna Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Dukiya ta rinjayi iyaye, aka ɗaura aure. Matarsa ta biyu ta ƙi yarda da kishiya, ta ƙulla kashe amarya a daren biki, amma cikin duhu ta kashe ɗaya daga ƙawayenta. Ganda bai tsaya kan kishi kaɗai ba. Ya nuna yadda ake sayen yardar iyaye, yadda ake mayar da laƙabin addini jarin neman girma, da yadda ba a tambayar yarinya ra'ayinta. Zalika Sule, wadda ta fito a yawancin finafinansa, tana cikin ƴan wasan, kuma irin rawar da take takawa ta jawo mata tsangwama daga mutanen da ba su raba wasa da gaskiya ba. Rahmatu Keita ta ba da labarin rayuwarta a fim ɗin Al'lèèssi.

An kafa bikin finafinan Afirka na Wagadugu, FESPACO, a 1969, amma sai a 1972 aka fara gasa da ba da babbar kyautar Dokin Yennenga. Le Wazzou polygame ne ya fara cin ta. Ta haka sunan Nijar ya zama na farko a jerin da daga baya ya ƙunshi manyan masu fim irin su Sulaiman Sise na Mali da Idrisa Wedrawogo na Burkina Faso.

Bayan wannan ya fitar da Saïtane, wato Shaiɗan, labarin wani malamin tsibbu da ya zama ɗan aike tsakanin wata matar aure da wani mai kuɗi. A nan ma abin da ya dame shi shi ne yadda ake cin amanar mutanen da suka yarda da mai rawani. Bai bar wasa gaban kyamara ba, domin ya fito a Babatu, fim ɗin da Rouch ya shirya a 1976 bisa labarin Bubu Hama.

Fim ɗinsa na ƙarshe, L'Exilé, ya fito a 1980, kuma daga tatsuniya ya ɗauko shi. Wani jakada da ya bar ƙasarsa yana ba abokansa labarin wani sarki da ya ji wasu samari biyu suna cewa za su ba da kawunansu in har za a aura musu ƴaƴansa. Sarki ya aura musu, da wa'adi ya cika ya nemi a cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗayan ya gudu, amma maganar da ya furta ta ci gaba da bin sa duk inda ya je. Jigon fim ɗin shi ne nauyin magana, abin da Hausawa suke nufi da cewa magana zarar bunu ce. Tsarinsa kuma na labari cikin labari ne, irin na hira da dare, wanda ya nuna cewa Ganda ya ɗauki adabin baka a matsayin hanyar gina fim gaba ɗaya.

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairu 1981 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 45. Ya yi shekara goma sha biyu kacal yana shirya finafinai. An sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, FESPACO kuma ta ƙirƙiro kyautar Umaru Ganda wadda ake ba mai shirya fim saboda dogon fim ɗinsa na farko.

Ga ɗalibin da ya fito daga Arewa, tsakanin Dogon Dutsi da Tibiri da Geceme, inda Hausa da Zabarmanci suke maƙwabtaka har a kasuwa ɗaya, finafinan Ganda taska ce ta bincike. Suna ɗauke da maganar mutanen Yamai ta shekarun 1960 da 1970: gaisuwa, kirari, zagi, kalmomin aro daga Larabci da Faransanci, da sauya harshe a tsakiyar zance. Mai jin harsunan biyu yana iya kwatanta abin da ɗan wasa ya faɗa da abin da aka rubuta a ƙasan hoto, ya ga abin da fassara ta zubar.

Yankin Arewa ma yana da nasa rabo a wannan tarihi. Shekara shida bayan rasuwar Ganda, a 1987, Dokin Yennenga ya tafi ga Sarraounia, fim ɗin Med Hondo na Muritaniya, wanda aka gina kan littafin Abdullahi Mamani game da Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Lugu tana cikin ƙasar Dogon Dutsi, amma a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma ba Hausar Arewa ce ta ɗauki nauyin zancensa ba. Tambayar da Ganda ya yi fama da ita tun daga Treichville, wato wa yake ba da labarin mutum kuma da wane harshe, ta sake tasowa a kan labarin Lugu, kuma tana jiran masu shirya fim da masu nazarin harshe na yankin.